Ki bar wa Hajiya tsintsiyarta

Wa'alaikumus salam ɗiyata. Saƙon muryarki ya shigo tun daren Laraba, na saurare shi har sau biyu. A na biyun sai da na sa aka kashe mini fanka, don kin yi ƙasa da murya kamar mai gudun kada bango ya ji. Na ce ba zan amsa da baki ba, in na fara Allah kaɗai ya san inda zan tsaya. Gara in rubuta ki karanta a natse, in kin ga dama ki miƙa wa maigidan naki shi ma ya duba. Yaya yaran? Yaya Hajiyar da baƙunta?

Abin da na fahimta, wata huɗu ke nan da mijinki ya ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauye ya kawo ta wajenku Abuja. Kafin ki fito da safe ta share tsakar gida. Ga injin wanki a ajiye, amma sai ta tsuguna ta wanke zannuwanta da hannu. Ta fi so ta taka zuwa bakin titi ta sayo tattasai da kanta a kan a aiki yaro. Ranar nan kuma ƙanwar mijinki ta zo ta iske ta duƙe da tsintsiya, ke kina ɗaki kina shirya yara, ta yar miki da magana wai ashe aikatau aka kawo tsohuwa. Shi ne kike tambaya ko a al'adarmu ba abin kunya ba ne uwar miji ta riƙe tsintsiya a gidan da matar ɗanta take, ko kuwa ki ɓoye tsintsiyar ki ce ta zauna ta huta.

Kada ki ɓoye. Na san ba wannan ce amsar da za ta sauƙaƙa miki zama da dangin miji ba, don haka ki yi haƙuri da tsawon abin da zai biyo baya.

Gaskiya ne an tarbiyyantar da mu kada mu wuce babba da kaya a ka. Gaskiya ne kuma in matar ɗa ta tare, uwar miji ta fita daga girki, ta ajiye muciya da taɓarya, wannan haƙƙinta ne, ta riga ta yi nata. Sai dai mutanen yanzu rabin al'adar suka riƙe. A gidanmu na cikin birni, can gindin Dala inda aka haifi babanki, matan gidan duk suna kulle, ko zaure ba mai leƙawa. To wa kike tsammani ke zuwa Kurmi sayo zare da kwanuka da kayan yaji? Kakarmu ce, wadda muke kira Iya. Ita ce barka, ita ce dubiya, ita ce gaisuwar mutuwa. In amarya ta yi yaji ita ake turawa biko, in za a kai mai ciki goyon ciki ita ce 'yar rakiya. Tsofaffin unguwa su ne dillalai, suna shiga gida-gida da ƙunshin kaya a ka, su san wadda ke son sayar da tasa da wadda ke haɗa wa 'yarta kayan ɗaki. A wancan zamanin mace sai ta tsufa ne ma gari ke buɗe mata. Da ake cewa zumunci a ƙafa yake, to ƙafar ta tsofaffi ce.

In Iya ta dawo kuma ba kwanciya take yi ba. Za ta jawo taskirarta, ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari. Ko ta zauna ɓarar gyaɗa, ko tsintar wake, ko bakace. Awakinta uku ba mai ba su dusa sai ita. Ga ɗan yaye kullum a gindinta, ana karɓe wannan a kawo mata wancan. Maza ma haka. Da muke zuwa ƙauye wajen dangin Baba, tsoho in ƙarfinsa ya ja baya 'ya'ya ne ke karɓar garma a gandu, amma shi da fartanyarsa a kafaɗa zai zaga gonar, ya gyara danga, ya dawo gindin bishiya yana tufkar igiya, ya taka masallaci sau biyar. Nauyi ake sauke wa tsoho, ba a taɓa sauke masa motsi ba. Zaman kujera daga safe zuwa dare, ga talabijin ga yarinyar aiki, wannan baƙon abu ne, mu muka ƙirƙiro shi da muka fara ɗaukar albashi, muka laƙaba masa sunan al'ada.

Na ce mu, don ni na yi. Kina 'yar firamare lokacin, ba lallai ki tuna ba. Da Baba ya rasu, Inna ta fita takaba, babanki da Yaya suka ce ba za ta ci gaba da zama a tsohon gida ba, ga ginin ƙasa ga yoyo da damina. Aka kai ta sabon gida a bayan gari, katanga doguwa, ƙofar ƙarfe, tayil har banɗaki, aka ɗaukar mata yarinya. Kowa ya sa mana albarka. Ni kuma da nake taƙama ma'aikaciyar jinya ce, ni ce kan gaba wajen cewa Inna ki huta. Wata ranar Asabar na je na same ta a bakin kicin ta shimfiɗa buhu, ta ɗauko rariya za ta tankaɗe garin tuwo. Na karɓe rariyar daga hannunta, har da yi wa yarinyar faɗa. Inna ba ta yi musu ba. Ta buɗe tafukan hannunta biyu ta dube su, ta ce, "To waɗannan me zan yi da su?" Dariya na yi, na ce ta ja carbi. Yau sama da shekara ashirin, in na tuna dariyar nan sai in ji ba daɗi.

Matar nan fa ita ce uwar adashin mata kusan ashirin, ba ta karatun boko, amma ba a taɓa jin ta rikita kwasar wata da ta wata ba. Daga Dala zuwa Kurmi zuwa Ƙofar Mata babu lungun da ba ta sani ba. Cikin shekara biyu a sabon gidan gwiwoyinta suka riƙe, ta koma sallah a zaune. Daga nan ta fara tambaya ɗaya sau biyar kafin azahar. Sai ta fara kiran babanki da sunan ƙaninta da ya rasu tun kafin a haife mu. Mutane suka ce gigin tsufa ne, wasu suka ce a nemi taimako ko sammu ne. Ba zan ce miki rariyar da na karɓe ce ta jawo ba, in na faɗi haka na yi ƙarya. Inna ta daɗe da hawan jini, kunnenta ya yi nauyi, ga rashin mijin da suka yi shekara hamsin tare, wataƙila abin yana tafe ko da tana Dala. Allah ne masani. Amma na san mun raba ta da tafiya, da aikin hannu, da mutanen da take gaisawa da su, duka a rana ɗaya, kuma babu ɗaya cikin ukun da ba abincin ƙwaƙwalwa ba ne.

Lokacin da muke makarantar jinya abin da aka koya mana shi ne ƙwaƙwalwar babba ta gama ginuwa, abin da ya rage sai zaizayewa. Sai bayan na yi ritaya na samu sukunin karatu na tarar maganar ta canja. Bari in kwatanta miki da abin da kika sani. In kin fasa kan rago da layya, kin ga ƙwaƙwalwar, bayanta toka-toka mai lanƙwashe-lanƙwashe, in kin yanka cikinta fari. Tamu ma haka take. Toka-tokan nan tarin ƙwayoyin da ke aikin tunani ne, farin kuma wayoyin da ke haɗa wannan sashe da wancan. Nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, kamar kashi 2 cikin 100 na nauyin mutum, amma ita kaɗai ke cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jini ke ɗauka. Kuma ba ta da rumbu, abin da jini ya kawo mata yanzu shi take ci yanzu. Shi ya sa duk abin da ya ɓata jijiyoyin jini, hawan jini ne ko ciwon suga, ƙarshensa kanta yake sauka. Tun mutum yana tsakiyar ƙarfinsa take fara motsewa kaɗan-kaɗan, bayan sittin abin ya ƙara sauri. Can ciki, daidai saitin kunne, akwai wani ɗan sashe lanƙwasasshe, ɗaya a dama ɗaya a hagu, tsawonsa kamar ƙaramin yatsa, likitoci na ce masa hifokamfus. Shi ke riƙe sabon abu, wa ya zo jiya, ina na ajiye makulli, ta ina ake bi a koma gida. A tsofaffi yakan ragu da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 duk shekara, kuma yana cikin wuraren da cutar mantuwa ke fara ci. Kin ga dalilin da Inna ke ba ki labarin bikinta tiryan-tiryan amma ba ta san ko ta karya ba.

To ina ruwan wannan da tsintsiya? A birnin Bon na ƙasar Jamus an ɗauki mutum 2,550, daga mai shekara 30 har mai 94, aka manna wa kowa wata 'yar na'ura a cinya ya kwana bakwai da ita, tana ƙirga zamansa da tsayuwarsa da takunsa. Ba tambayar su aka yi ba, don in aka tambayi mutum yawan tafiyarsa sai ya ƙara gishiri. Sannan aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu da na'urar MRI. Sakamakon da suka fitar a 2022 shi ne masu motsi sun fi cikar ƙwaƙwalwa a sassa da dama, har da hifokamfus ɗin nan. Abin da ya fi tsaya mini a rai, tazarar da ta fi girma tana tsakanin wanda ba ya motsi sam da wanda ke ɗan taɓawa, kuma ta fi fitowa fili a waɗanda suka haura saba'in. Daga mai ɗan motsi zuwa mai motsi da yawa ƙarin ba shi da yawa. Wato ribar mafi tsoka tana wajen tashi daga kujera. Sharar tsakar gida da zuwa sayen tattasai, ai su ne wannan tashin.

Mijinki ɗan boko ne, zai ce wataƙila waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta fara lalacewa ne suka daina motsi, ba rashin motsin ne ya lalata ta ba. Yana da gaskiya, irin wancan binciken ba ya raba gardamar nan, kuma ni ma na ga marasa lafiyar da zaman shiru ne alamar farko ta ciwonsu. Amma akwai wanda aka yi a Amurka, aka buga a 2011, wani masani Kirk Erickson na jami'ar Fitsbag da abokan aikinsa. Sun samo dattawa 120 waɗanda ba su saba motsa jiki ba, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka sa su tafiya da ɗan sauri kwana uku a mako, suka fara da minti 10, ana ƙara musu biyar-biyar duk mako har suka kai minti 40. Ɗaya rabin miƙe-miƙen gaɓoɓi kawai suke yi. Bayan shekara guda aka sake hoto. Hifokamfus na masu tafiya ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100, na sauran ya ragu da kusan kashi ɗaya da rabi. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba duka suka ga ƙaruwa ba, da aka tattara su abin da ya fi tabbata shi ne motsi yana rage saurin motsewar. Ni ko wannan ya ishe ni. Wa ya ce miki mai shekara saba'in neman ƙari take? A bar mata abin da ke hannunta ma ai an gama mata komai.

Yadda abin ke aiki ba ɓoyayye ba ne. Tafiya na sa zuciya ta harba jini da kyau, jijiyoyi su yi laushi, hawan jini ya sauka, tsokar cinya ta zuƙe sugan da ke yawo a jini. Akwai kuma wani sinadari da ake kira BDNF wanda motsi ke ƙara shi, aikinsa ga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kamar aikin taki ne ga shuka. A gwajin ɓeraye ma an ga waɗanda aka ba abin gudu suna tsirar da sababbin ƙwayoyi a hifokamfus fiye da waɗanda aka bari a zaune.

Kin ce maigidan yana shawarar sayo mata injin tafiya irin na gidajen motsa jiki, a ajiye mata a ɗaki don kada a gan ta a waje. Na yi dariya har na ƙware. Wannan ai gyaran gangar Abzinawa ne. Na farko ba za ta hau ba, za ta shanya zani a kai. Na biyu, ko ta hau an rage mata rabin amfanin. Direbobin tasi na birnin Landan, kafin a ba su lasisi sai sun haddace tituna wajen dubu ashirin da biyar, abin da ke ɗaukar su shekara uku zuwa huɗu. A shekarar 2000 wata masaniya Eleanor Maguire ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, ta tarar ɓangaren baya na hifokamfus ɗinsu ya fi na sauran mutane girma, kuma wanda ya fi daɗewa a aikin ya fi. Da aka gwada su da direbobin bas masu bin hanya ɗaya kullum, 'yan tasin suka fi. Su fa a zaune suke, neman hanya kaɗai ya yi musu haka. To ki duba tsohuwar da ta fito daga gida, ta tuna kwanar da za ta sha, ta tsallake kwata, ta gaisa da mai gadi ta tambayi jikin matarsa, ta taya tattasai, ta lissafa canji, ta dawo. Ƙafa ta yi aiki, ido ya yi, harshe ya yi, lissafi ya yi. Injin ɗaki ƙafa kaɗai zai ba ta, tana kallon bango.

Ko a ƙasar nan an taɓa yin aikin da ya dace a sani. Likitocin Ibadan da takwarorinsu na Indiyanafolis a Amurka sun shafe shekaru suna bin tsofaffin Yarabawa a Ibadan da tsofaffin baƙaƙen fatar can, da ma'auni iri ɗaya. A 2001 suka bayyana cewa masu kamuwa da cutar mantuwa duk shekara a Ibadan ba su kai rabin na can ba. Ba su ce tafiya ce dalili ba, akwai abinci, akwai gado, kuma tsofaffin Ibadan na lokacin ba su kai na can hawan jini da ciwon suga ba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne wace irin rayuwa muke tura iyayenmu cikinta yanzu in mun samu hali, ta Ibadan ɗin wancan lokacin ko ta can.

Yanzu maganar kunya, don na san ita ce ta hana ki barci, ba hifokamfus ba. Akwai wurin da ƙanwar mijinki ke da gaskiya, ki riƙe shi da kyau. Hajiya ba za ta wanke miki tukunya ba. Ba za ta taɓa wankinki ko na mijinki ba, ba za ta goge miki ɗaki ba, ba kuma za ki taɓa buɗe baki ki aike ta ba, ko da wasa. Aikin da aka sa tsohuwa daban, wanda ta sa kanta daban, kowane Bahaushe ya san bambancin. In kin ji ƙarar tsintsiya da safe ki fito ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce kawo in karɓa, ta ce bar shi, ke kuma ki ɗauki abin kwashe shara ki bi bayanta. Kullum ki yi tayin, kullum ta ƙi, haka ake yi. Wanda ya shigo ya gan ku tare ba shi da abin faɗa. Amsar ƙanwar miji kuma ba a bakinki take ba, kada ki kuskura. Yayanta ne zai kira ta ya ce shi ya ce a bar Hajiya ta yi abin da ranta ke so, likita ma haka ya ce. In da hali a yi maganar a gaban Hajiyar, za ki ji yadda za ta wanke ki da bakinta, don irinsu ba sa son a mai da su kayan ado.

Abin da ya fi ma shi ne ki ba ta wani abu da zai zama nata ita kaɗai. In akwai ɗan fili a bayan gida, ko taku biyar ne, a bar mata ta sa zogale da rama da yakuwa. In dokar unguwarku ta yarda da kaji a sayo mata biyu. Rakiyar yara islamiyya da yamma ki bar mata, yaran su riƙe hannunta, a idon mutane jika ne ke yi wa kaka jagora, a gaskiya kowa na yi wa kowa. Ki bincika ko akwai wata tsohuwa a layinku da aka kawo aka ajiye kamar ita, na tabbata ba za a rasa ba, Abuja cike take da su a bayan katanga. Ki kai ta gaisuwa sau ɗaya, sauran su za su ƙarasa. Kuma kada ki yi saurin kawo mata kujerar sallah don kin ga ana yayi. Wanda ba zai iya ba addini ya yi masa sauƙi, wannan ba gardama. Amma mai iyawa, raka'a 17 na farilla da sujada 34 kullum, ga tashi daga tabarma, su ne ke riƙe mata cinya da gwiwa. Inna daga ranar da ta koma kujera ba ta sake sauka ƙasa ba.

Sai dai ki sa ido, a nan aikina na da zai yi magana. Babban abokin gabar tsohuwa a irin gidajenku jiƙaƙƙen tayil ne da silifas mai santsi. Faɗuwa ɗaya ƙashin ƙugu ya karye, an koma kwanciya, kuma na ga da yawa da ba su tashi daga wannan kwanciyar ba. A sa mata abin shimfiɗa mara santsi a banɗaki da ƙarfen dafawa, a bar fitila a hanyar da take bi da dare. In tana jin jiri in ta ɗago daga shara, a samo tsintsiya mai dogon hannu, kodayake za ta ce ba ta share ƙasa da kyau. Bokitin ruwa cike ba nata ba ne. Fita da sanyin safiya ko bayan la'asar, ban da tsakar rana. Ciwon ƙirji, haki daga 'yar tafiya kaɗan, kumburin ƙafa, ko ki ga baki ya karkace ko magana ta sarƙe, wannan asibiti ne a take, ba jiƙo ba. A riƙa auna mata jini da suga, a duba idonta da kunnenta, don rashin ji ma yana cikin abubuwan da ke jawo mantuwa, mutum ya daina jin hira sai ya janye daga mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 ta ce a mako, wato rabin awa sau biyar, irin tafiyar da za ki ɗan ji numfashi ya ƙaru amma kina iya magana. In kin lissafa abin da Hajiya ke yi da kanta za ki ga ta kusa cikawa ba tare da ta taɓa jin sunan hukumar ba.

Wanda ban tabbata ya cika ba shi ne mijinki, da ke kanki. Kin lura binciken Jamus ɗin nan daga shekara 30 ya fara? A garin Firamingam na Amurka ma an gwada ƙarfin numfashin mutane suna wajen shekara 40, aka dawo bayan shekara 20 aka ɗauki hoton kansu, waɗanda suka fi rauni a gwajin farko suka fi ƙaramar ƙwaƙwalwa. Abin da za ki tarar a saba'in yanzu ake tara shi. Da na zo sunan autarki na ga maigidan naki ya tada mota zuwa masallacin da ake jin kiran sallarsa daga falo. Ban ce komai ba don suruki ne. Ke ki tuna masa da Banu Salima, da suka so su taso su dawo kusa da masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce su zauna a gidajensu ana rubuta musu sawayensu. Ke kuma daga kujerar ofis sai kujerar mota sai ta falo, abinci ma a waya ake kirawo shi. Ba cewa nake ki koma dutsen niƙa da tulu ba, Allah ya kiyaye. Na karɓi matan da ɗaukar itace da ruwa ya lanƙwasa musu baya tun suna da arba'in, wasu har mahaifa ta sauko, duk mai yi miki kirarin wahalar da, bai yi ta ba ne. Injin niƙa da famfo rahama ne. Sai dai sun tafi da motsin da ke cikin wahalar, dole mutum ya nemo shi da gangan. In Hajiya za ta sayen tattasai ki yafa mayafi ki bi ta, kin jefi tsuntsu biyu, don a irin wannan tafiyar ce za ta gaya miki abin da ba za ta taɓa faɗa a falo ba.

Ni yanzu kullum bayan asuba sai na zaga unguwa, in biya ta gidan wata ƙawata da muka yi aiki tare in buga mata ƙofa mu tafi. Yaran gidan nan sun gaji da cewa in bari a kai ni a adaidaita, sun ƙyale ni.

Ki tambayar mini Hajiya ko ta iya kaɗi, matan ƙauyensu na sa'anninta da wuya a samu wadda ba ta iya ba. Mazarin Inna guda biyu suna nan cikin adakata tare da taskirarta, ba wanda ya taɓa su tun rasuwarta. In ta ce tana so, zan sa a nemo auduga in haɗa in ba ƙaninki ya taho da su ƙarshen wata. Ki gaishe ta da kyau, ki ce goggonki ta Kano tana yi mata ban gajiya. Ki shafa mini kan yaran.